Abin da Mama Babba Ta Tarar a Ƙetare

Mama Babba ta rasu da damina, ana tsakiyar aikin citta, shi ya sa mutane da yawa suka zo gaisuwa da laka a ƙafafunsu, daga gona kai tsaye. Yayar babanmu ce. Ita ta riƙe ni tun ban iya ɗaura zani ba, bayan mamata ta riga mu gidan gaskiya.

Matan zumunta na cocinmu ne suka fara isowa, sanye da ankonsu, suka cika tsakar gida da waƙa. Wata tsohuwa da suka yi shekaru suna cin kasuwa tare ta taso daga Kauru a kan babur, ta riƙe hannuna tana girgiza kai. "Mutum ya tafi," in ji ta da irin Hausarta. "Wannan mata, ba ya tsoron kowa." Matan ruga ma sun zo da ƙwaryar nono, suka zauna a gindin mangwaro. Ba su yi waƙa ba, amma babbarsu ta rufe fuska da mayafi tana kuka a hankali. Sabon faston da aka turo mana, wanda bai san ta sosai ba, ya tashi ya ce marigayiya mace ce mai haƙuri da kawar da kai. Matan zumunta suka kalli juna. Wata ta yi tari don ta ɓoye dariya.

Da rana ta take sai muka ji jiniya. Jikanta na fari ne, ɗan Yaya, wato ɗan babban ɗanta. Ya zo da jerin motoci da sa a bayan a-kori-kura, ga wasu samari masu baƙin tabarau suna ture tsofaffi don a ba shi hanya. Yana kaiwa ƙofar ɗakinta ya zube ƙasa yana ihu, "Kakata! Kakata ta bar ni!" Ɗaya daga cikin yaransa ya durƙusa gefe yana ɗauka da waya. Da mai ɗaukar ya sauke wayar, shi ma ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwar wandonsa, ya tambaya ko an tanadar wa baƙinsa wurin zama. Na zaga bayan rumbu na tofar da yawu. A nan na yanke shawarar zan rubuta yadda take, kafin masu lasifika su mayar da ita wata mata daban.

Ba ta da haƙuri. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, kullum jikinta na ƙamshin citta. Da rani za ka same ta a kan falalen dutse da 'yar wuƙarta tana tsaga citta tana shanyawa, tana rera waƙar coci da muryar da shugaban mawaƙa ya daɗe yana roƙon ta rage. Ba ta rage ba. Takan ce, "Ba kai nake yi wa ba." Idan abu ya ba ta ƙyama ba ta doguwar magana. Sai ta juya kai gefe ta ce "Tir," ta ci gaba da aikinta, kai kuwa ka ji kamar an tuɓe ka a kasuwa. Ta taɓa sa direba ya tsayar da bas a hanyar Kasuwan Magani saboda yaron mota ya mari wani ɗan talla. Ta sauka, ta zauna a kan buhunta a tsakiyar titi, ta ce ba inda za a je sai an ba yaron haƙuri. Fasinjoji suka zage ta son ransu. An ba yaron haƙuri.

A gidanta ƙarami ake fara zuba wa abinci. Duk wanda ya miƙa kwano kafin na ƙasa da shi, ranar shi ne na ƙarshe. Muna yara mun ɗauka mugunta ce.

Abin da ya raba ta da ɗanta da rabin ikilisiya ya faru ne da daɗewa, lokacin da waya ba ta kai ƙauyukanmu ba. Ni a lokacin na gama makaranta ina zaune a gida. Ƙungiyar samarin coci ta kai yara maza sansanin hutu a wata tsohuwar makarantar mishan da aka daina amfani da ita, a ƙetaren kogi, bayan dutse. Yara ne sun haura talatin, manyansu 'yan sha biyar, sha shida, ƙananan kuwa wasu ba su daɗe da daina fitsarin kwance ba. Malami ɗaya ne tare da su. Wata safiya ya hayo Kafanchan sayen magani da man girki, da niyyar komawa kafin la'asar. Kafin ya juyo aka kece da ruwa, aka yi kwanaki ana zuba shi. Kogi ya ɗauke gadar katako ɗungurungum, hanyar zagaye ma ta yanke.

Kullum iyaye kan taru a bakin ruwa. Can ƙetare sai manyan yaran su fito su ɗaga hannu, jikan Mama Babba a gaba, yana ihu, "Muna lafiya! Akwai abinci!" Maza su yi ta yaba shi, suna cewa ɗan Yaya namiji ne, ya riƙe yara. Yaya, wanda dattijo ne a coci, har kumbura yake yi. Mama Babba ce kawai ta ce, "Ina ƙananan? Me ya sa kullum manya ne ke fitowa?"

Bayan mako guda da 'yan kwanaki ruwa ya sauka zuwa ƙirji. Samari suka ɗaure igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Dattawa na tsaye suna gardamar ko a jira kwalekwalen da aka yi alkawarin turowa, sai ta tamke zaninta, ta ɗora kwanon tuwo a ka, ta kama igiya ta shiga ruwa. Ta waiwayo ta ce da ni, "Ɗauko miyar." Na ɗauka na bi ta. Kunya ce ta sa mazan suka biyo bayanmu.

Wari muka fara cin karo da shi, tun ba mu ga ginin ba. A bakin hanya akwai gawar tunkiya, an yanke cinyoyi an bar sauran, ciki a farke, tsutsa na motsi. Gaba kaɗan, a hanyar rijiya, an gitta itace a kan duwatsu biyu, wasu yara biyu na tsaye da sanduna. Ɗayansu ya buɗe baki zai ce mana mu tsaya, sai ya gane ko wace ce, sandar ta faɗi daga hannunsa. Tsohon ɗakin sujada an mayar da shi bayan gida, har gindin bagadi, ƙudaje sun yi baƙi a ƙasa. A ajin ƙarshe, wanda rufinsa ya yaye, muka tarar da ƙananan a takure a lungu, jikinsu duk shatar bulala da cizon sauro. Ba wanda ya yi kuka da ya gan mu. Kwanon da ke kan Mama Babba kawai suke kallo.

A bayan ajin akwai bishiyar gwaiba. An ɗaure wani yaro a jikinta, hannuwansa a baya. Ɗan wata gwauruwa ne da ta zo garinmu ƙwadago daga wajen Kauru, yaro mai sanyin murya da ke cikin mawaƙan yara. Ya ɓata wandonsa, tururuwa na bin ƙafafunsa. An zuba masa gari a ƙasa a gabansa, inda sai ya sunkuya kamar kare kafin bakinsa ya kai. Igiyar ta nutse cikin wuyan hannunsa na dama, yatsun sun kumbura sun yi baƙi. Mama Babba ta ajiye kwano, ta ciro wuƙar cittarta daga ƙugu ta yanke igiyar. Ta cire ɗankwalinta ta goge masa jiki, ba ta yatsine fuska ba ko sau ɗaya. Ni kam na juya na yi amai.

Jikan nata ya fito daga ɗakin malami yana murmushi, makullin sito a rataye a wuyansa, ludayi a soke a bel ɗinsa. Yara huɗu na biye da shi. Ya ce, "Kaka, sannu da zuwa. Kin gani, ba wanda ya mutu."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta mare shi ba, kuma har yau ina ganin da marin ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta juya kai gefe ta ce, "Tir."

Kafin mazan su gama hayowa ta zaunar da yaran duka a ƙasa, ta fara zuba wa ƙananan tuwo, ta sa kowa ya faɗi abin da ya gani. Daga bakinsu na ji yadda abin ya tafi. Da farko ɗan faston lokacin ne shugaba, tunda shi malami ya bar wa riƙo. Suna addu'a da safe, suna raba abinci daidai. Da garin tuwo ya fara ja baya, jikan ya ce rabon bai yi ba, manya ne ke ɗebo ruwa da itace, su ya kamata su fi ci. Aka yi kokawa a kan makullin sito, ya cire wa ɗan fasto haƙori, ya rataya makullin. Yara kuwa inda ludayi yake nan suka bi. Ya sa a riƙa kiransa Janar. Ya naɗa 'yan sanda, ya kafa shinge a hanyar rijiya, duk mai son ruwa sai ya ba da rabin abincinsa. Ɗan fasto ya ja nasa mutanen zuwa wani aji, suka yi kwana biyu ana jifa da duwatsu, yunwa ta kore su suka dawo suna roƙo. Janar ya karɓe shi ya naɗa shi mataimaki, ya damƙa masa bulala. Yaran suka ce duk cikin masu duka ba wanda ya kai shi zafin hannu.

Daga nan aka raba su gida biyu, 'yan ƙasa da baƙi. Wanda iyayensa ba su jin yarenmu baƙo ne, shi ke wanke tukunya, shi ke cin ƙanzo. Akwai ruga a bayan dutsen, mazan sun tafi da shanu, sai mata da wata tsohuwa. Matan sun riƙa kawo wa yaran nono da dafaffen rogo. Janar ya ce nono ba abincin soja ba ne, ya tura aka sato tunkiyarsu. Da tsohuwar rugar ta zo cigiya suka kore ta da jifa. Ɗan gwauruwa ne ya bi ta a ɓoye ya ce mata ta yi haƙuri, su suka ɗauka. Wani ya gan shi. Aka kafa kotu a ɗakin malami, da alƙali da shaidu, aka same shi da laifin cin amanar 'yan ƙasa, aka yanke masa ɗauri a gindin gwaiba sai ran da ruwa ya sauka.

Wani ɗan ƙarami ya ce, "Mama, har hannu muka ɗaga. Wanda bai ɗaga ba, za a ɗaure shi tare."

Mazan suka ce a tattara yara a haye tun da sauran rana. Ta ce su tafi, ita tana da wurin zuwa. Na raka ta rugar. Mazan rugar sun dawo, mun same su a tsaitsaye, fuska ba annuri, tsohuwar na zaune da rauni a goshi. A ƙasarmu kowa ya san abin da tunkiya ɗaya da jini a goshin tsohuwa ke iya jawowa. Mama Babba ta durƙusa a cikin kashin shanu a gaban matar, ta ce, "Jikana ne ya yi. Ba na wani ba, nawa. Na zo ki ga fuskata." Tsohuwar ta dube ta, ta ce, "Tashi, uwar gida. Yaron da ya biyo ni fa, yana da rai?" Ta ce yana da rai. Washegari ta sa aka haye da ragon da take kiwo don Kirsimeti aka kai musu.

Ranar Lahadi aka shirya sujadar godiya. Kafin nan dattawa suka yi zama a gidan fasto, suka ce maganar ta tsaya a nan, kada sunan ikilisiya ya ɓaci, kada makomar yara ta lalace. Za a ce yaron faɗowa ya yi daga bishiya. Yaya ya zo gida ya same ta tana dama wa yaron kunu, domin daga asibiti gidanmu ta kawo shi.

Ya ce, "Mama, yara ne. Yunwa da tsoro ne suka mai da su dabbobi. Shaiɗan ne ya shiga tsakani."

Ta ce, "Ka taɓa ganin akuya ta kafa kotu?"

"Mama, ki ji ni."

"Ka taɓa ganin kare ya tare hanya yana karɓar rabo? Wa ya koya masa ɗan ƙasa da baƙo? A bakin wa ya ji? A ƙofar gidanka kuke zama kullum da yamma kuna wannan hira, yana tsugune yana ji. Ku bar Shaiɗan ya huta."

Ya ce, "To so kike a kai jikanki ofishin 'yan sanda?"

"So nake ya tsaya gaban ikilisiya ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Ya je ya durƙusa wa uwar yaron nan. Ya yi mata noma har hannun ya warke, in bai warke ba ya ci gaba. Shi ke nan."

"Ba zan kunyata ɗana a kan ɗan ƙwadago ba."

Ta ajiye muciya ta ce masa, da yarenmu, ya fita mata daga gida.

A sujadar aka jera yaran a gaba da fararen riguna. Aka kira jikan aka yaba masa a kan jarunta, aka ba shi kyautar Littafi Mai Tsarki. Mawaƙa suka ɗauki waƙa, mata na guɗa. Mama Babba, wadda ba a taɓa iya hana ta waƙa ba, ta zauna bakinta a rufe. Da fasto ya ce yaro ɗaya ya samu ɗan rauni wajen hawan bishiya, sai ta tashi, ta kama yaron da hannunsa mai lafiya, ta bi tsakiyar coci da shi a hankali har gaban bagadi. Ta kwance bandejin. Shatar igiya ta zagaye wuyan hannun kamar awarwaro. Ta ɗaga shi sama ta juya da shi dama da hagu, ta ce, "Ga bishiyar." Ta mayar da bandejin suka fita. An dakatar da ita daga shugabancin zumunta saboda tayar da hankali a gidan Ubangiji. Ba ta nemi a mayar da ita ba.

Hannun bai warke ba, yatsun sun shanye sun lanƙwashe. Uwar yaron ba ta daɗe ba ita ma ta rasu, sai ya zama ɗan gidanmu. Mama Babba na kiransa Auta. Ta koya masa rubutu da hagu, ita da ba ta iya rubutu da dama ba: ta zauna kusa da shi tana cewa, "Sake, wannan bai yi kyau ba," shi kuma ya yi ta dariya yana sakewa. Ta koya masa sanin citta mai kyau da hanci. Yanzu yana da rumfarsa a kasuwar Kafanchan, da mata da 'ya'ya. Ban taɓa jin ya ɗaga maganar ba, sai dai har yau ba ya cin gwaiba.

Jikan kuwa gaba ya yi ta yi. Ya zama shugaban ɗalibai, ya zama shugaban matasa, ya zama wanda manya ke nema idan zaɓe ya matso. Ɗan faston nan har yanzu yana bayansa, shi ke riƙe masa waya. Duk Kirsimeti yakan aiko wa kakarsa buhun shinkafa, ita kuma ta sa a kai gidan marayu ba tare da an shigo da shi ɗakinta ba. Yaya ya rasu ba su gama shiryawa ba. Ta yi masa kuka sosai, ta ce da ni, "Na haife shi, na so shi, amma ban yi ƙarya don shi ba."

Ganinsu na ƙarshe da jikan a asibiti ne, ana saura 'yan kwanaki ta cika. Ya shigo da hular kamfen a kansa, ya durƙusa gaban gado, ya ce zai tsaya takara, ya zo neman albarkarta. Muryarta ta riga ta dushe, sai da na sunkuya na maimaita masa abin da ta ce.

"Ta ce ka faɗi abin da ka yi a ƙetare."

Ya yi dariya. "Haba Kaka, har yanzu? Yarinta ce fa. Kowa ya manta."

Ta sake motsa baki.

"Ta ce to ka faɗi sunan yaron."

Ya kalli rufi, ya kalli mataimakinsa, shi ma ya ɗaga kafaɗa. Ya ce, "Wani ɗan baƙi ne haka, siriri. Ina jin sun koma garinsu."

Ta juya fuska ga bango, ta ce in buɗe mata taga.

Na raka shi ƙofa don in tabbatar ya tafi. A baranda, Auta na tsaye da kular kunun da yake kawo mata kullum. Jikan ya tsaya gabansa, ya dafa masa kafaɗa, ya karɓi hula guda daga hannun yaransa ya miƙa masa. "Ɗan'uwa, sannu da jinya. Ranar zaɓe kada ka manta da mu."

Kular na hannun Auta na hagu. Sai ya ɗago na daman, ya karɓi hular a tsakanin shanyayyun yatsunsa, ya riƙe ta a sama daidai fuskar mutumin. Jikan ya kalli hannun, ya ce, "Ayya, haɗari ne? Allah ya sawwaƙe," ya wuce.

Auta ya ajiye hular a kan benci, ya shiga ya zuba mata kunu. Ranar ta sha cokali biyu daga hannunsa.

Ubangiji ya karɓi baiwarsa, ya ba ta hutun da ba ta samu a cikinmu ba.